Wasiƙa: Kafin a yi mana kwatancen injinan tururi, a fara tambayar irin ruwan da suke sha

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ya aiki ya haƙuri da mu masu dogon surutu.

Dan Allah ka ɗan sam min fili a shafin wasiƙu in amayar da abin da ya daɗe yana cina. Ni tsohon ma'aikacin ɗakin boila ne, nayi shekara ashirin da ɗoriya ina gadin tukunyar tururi da injin da take juyawa a wata masana'anta da ba sai na kama suna ba, yanzu ma ta rufe tuntuni, awaki ne ke kiwo a harabar. To duk lokacin da aka ɗauke wuta a unguwarmu sai majalisa ta koma ta injiniyoyi, wannan yace ai injin Jamus ya fi na Japan, wancan yace na Chaina ne ya kashe mu, wani kuma yace megawat kaza aka ce tashar tana bayarwa to ina wutar take. Haka nake gani ma a jaridu har da taku, sai a jero tashoshi a rubuta wannan megawat dubu wannan ɗari bakwai, shikenan an gama kwatance. Wallahi ranka ya daɗe wannan lambar da ake bugawa a jikin inji ba ta da maraba da gudu 240 da aka rubuta a sifidomitar tsohuwar fijo, rubutun na nan daram amma ka hau hanyar Birnin Gwari da ita ka gani.

Bari in ɗan yi bayanin yadda abin yake saboda masu karatu da basu taɓa shiga ba. Injin tururi, wanda mu a wurin aiki muke ce wa tabain, ba wani sihiri bane, ruwa ake dafawa a cikin bututai har ya zama tururi mai matsanancin zafi, a manyan tashoshi zafin yana wuce digiri 500, sai a sako shi da ƙarfi ya bi ta cikin jerin fuka-fukai na ƙarfe da ke manne a jikin wani dogon shaf, shaf ɗin ya juya, ya juya janareta, wuta ta samu. Idan tururin ya gama aiki sai ya faɗa kwandensa a sanyaya shi ya koma ruwa, famfo ya mayar da shi tukunya, haka ake ta kewayawa dare da rana. Wani Bature ɗan Ingila Charles Parsons ne ya ƙera irin wannan injin a 1884, kuma har yau shine ƙashin bayan tashoshin kwal da na nukiliya a duniya. Tunda wutarmu mai bugu 50 ce a sakan, babban tabain yana juyi 3,000 a minti ɗaya, wato sau hamsin a sakan ɗaya, ƙarfe mai nauyin tan da yawa fa, kuma tazarar da ke tsakanin bakin fuka-fukan da jikin murfin 'yar mitsitsiya ce, ba ta kai kaurin yatsa ba. Ka riƙe wannan a ranka zan dawo kansa.

Yanzu ga kwatancen da nake so a riƙa yi. A ƙasar nan manyan tashoshin tururi guda biyu muka gada, Egbin da ke gefen Ikorodu a jihar Legas, da Sapele a jihar Delta. Egbin injina shida ne kowanne megawat 220, jimla 1,320, na farkon ya fara aiki a 1985, kamfanonin Japan ne suka gina. Sapele ta girme ta da kaɗan, ita ma injinan tururi shida ne amma masu megawat 120, jimla 720, an fara kunna su tun wajen 1978. Dukkansu gas suke ƙonawa a tukunya, dukkansu a bakin ruwa suke, dukkansu NEPA ce ta raine su kafin a sauya mata suna zuwa PHCN. Amma Egbin har gobe tana cikin masu ɗauke da ƙasar nan, in ta yi tari duk Najeriya sai ta ji a jikinta, ita kuwa Sapele shekara da shekaru mafi yawan injinan tururinta a kwance suke. To shekara bakwai ce tsakaninsu za ta kawo wannan ratar? Ni dai ban yarda ba. Ko Egbin ɗin ma ai ta ɗanɗana, injinta na shida ya shafe shekaru a kashe sai bayan an sayar da kaso 70 na tashar ga 'yan kasuwa a 2013 aka samu ya dawo. Ƙarfen bai canza ba, ƙasar da ta ƙera bata canza ba, kuɗin gyara ne ya shigo.

Sannan ka tsallaka Nijar wajen 'yan uwanmu, can Anou Araren kusa da Tchirozérine a jihar Agadez, kamfanin SONICHAR na da 'yar ƙaramar tashar kwal, injina biyu da dukkansu basu kai megawat 40 ba, tun farkon shekarun 1980 suke ba ma'adinan yuraniyom na Arlit wuta har da garin Agadez. A tsakiyar sahara fa, ga ƙura ga rana ga kwal mai toka sosai, ruwan ma daga rijiyoyin burtsatse ake jawo shi. In ka bi ta lambar jikin inji ai ba ka ma sa ta a lissafi, amma inji ya shekara arba'in yana juyi a wannan wurin, duk wanda ya san aikin sai ya cire wa masu kula da shi hula.

Mu a ɗakin boila ba ma tambayar inji nawa yake iya bayarwa, tambayarmu ita ce cikin awa 8,760 da ke cikin shekara, awa nawa ya yi a tsaye a shirye, sannan in ya tsaya mu muka tsayar da shi don sabis ko shi ya faɗi da kansa da tsakar dare, don waɗannan biyun ba ɗaya bane ko kaɗan, kamar bambancin wanda ya je asibiti da ƙafarsa ne da wanda aka ɗauko ranga-ranga. Sai kuma gas nawa ko kwal nawa ya ci kafin ya bada yunit ɗaya na wuta. Tashar tururi irin su Egbin in tana cikin ƙoshin lafiya, cikin kashi ɗari na ƙarfin man da ta ƙona, kashi talatin da wani abu ne ke zama wuta, sauran ya bi bututun hayaƙi da ruwan sanyaya kwandensa. Injin gas zalla irin na Geregu a Kogi, wato wanda wutar gas ɗin ce ke juya shi kai tsaye ba tururi, shi ma kusan nan yake. Amma in aka haɗa su biyun, wato aka ɗauki zafin hayaƙin injin gas aka dafa ruwa da shi aka ba tabain na tururi, kamar yadda aka yi a tashoshin Afam VI da Okpai, sai ka ga an haura kashi hamsin da gas ɗin nan dai guda. Kaga kenan duk tashar gas da ke sakin hayaƙinta mai zafin digiri 500 a iska, kamar mai tuyar ƙosai ce da ta bar rabin wutar murhu na ci a waje.

Injin gas kuma yana da nasa halin, saurayi ne, cikin mintuna ya tashi ya ɗauki lodi, amma cinsa na kayan gyara ba dama, wuta ce ke dukan fuka-fukansa kai tsaye shi yasa kusan duk bayan awa 8,000 sai an duba ɗakin ƙonewa, wajen awa 24,000 a duba duk hanyar da zafin wutar ke bi a cikinsa, kayan kuma da dala ake sayowa daga wanda ya ƙera. Tabain na tururi dattijo ne, tashinsa daga sanyi sai a ɗauki awowi ana ɗumama shi a hankali kamar mai jego, amma in ya miƙe zai iya shekara huɗu biyar ko fiye ba a ɗaga murfinsa an yi masa garambawul ba. Sharaɗinsa dai kar ka bashi ƙazamin ruwa, kar ka bar man boris ɗinsa ya gurɓace, kar kuma ka riƙa kashe shi kana kunnawa kamar janaretan shago.

Maganar ruwan nan ita ce ta sa na rubuto. Duk wanda ya taɓa leƙa cikin tukunyar mai shayi ya ga wani farin abu mai tauri da ke manne a gindinta, to wannan shine babban maƙiyinmu. Ruwan da ake ba boila sai an tace shi an cire masa duk wani gishiri da sinadarin yashi da ake kira silika, har iskar da ke narke a ciki ana korewa saboda ita ke kawo tsatsa, ruwan ya fi wanda kake sha a gora tsabta nesa ba kusa ba. Akwai wasu 'yan ƙwayoyi kamar gero da ake kira rezin, su ke wannan tacewar, kuma suna gajiya, sai an riƙa farfaɗo da su da asid da soda, in sun tsufa a canza. To a wurinmu an taɓa kawo wani manaja, mutumin kirki ne a mu'amala ba zan ci amanarsa ba, amma akawu ne bai taɓa riƙe sifana ba. Muka rubuta takardar sito muna neman sabon rezin, ya dawo da ita, muka sake rubutawa, ya kira fomen ɗinmu yace Malam wai ruwa ba ruwa bane, ruwan da muke alwala da shi muke sha shine injin zai ce ya fi ƙarfinsa? Fomen yace ranka ya daɗe cikinmu yana da hanyar fitar da abin da bai so, shi kuwa injin duk abin da ya shiga nan yake zama. Aka yi dariya aka tashi, ba a sayo ba.

Ba a ranar abin ke nunawa ba, shi yasa masu ofis basa tsoronsa. Wata ya bi wata, sai muka lura allurar gejin da ke auna matsin tururi a jerin fuka-fukan farko tana ta hawa a hankali alhali lodi bai ƙaru ba, tururin da da yake isa ya ɗauki masaƙa duka sai ya zama sai mun ƙara wuta, baƙin mai na ta tafiya, yaron lab kullum yana kawo takarda da jan biro ana sawa a fayil. Daga nan girgiza ta fara. Mu tsofaffin hannu ba ma jiran mita, sukundireba muke ɗorawa a kan gidan boris mu kara kunne a ƙotar, lafiyayyen inji wani irin gunji yake mai daɗi a miƙe, wannan kuwa sai naji kamar ana tankaɗe tsakuwa can ƙasa-ƙasa. Ranar da aka ɗaga murfin, wallahi Malam Edita fuka-fukan nan da na sani suna sheƙi kamar sabuwar wuƙa, sun yi fari fat kamar an shafa musu farar ƙasa, wani wurin ya ƙame kamar tangaran har sai da aka sa injin feshin yashi, hanyar da tururi ke bi ta tsuke. Kuɗin da aka kashe da asarar kwanakin da masana'anta ta yi a tsaye ya sayi rezin ɗin nan ninkin ba ninkin. Manajan ya zo ya tsaya ya leƙa ya kaɗa kai ya tafi, ko uffan bai ce ba, mu ma bamu ce ba.

Na ce zan dawo kan tazarar nan. Idan tabain mai zafi ya tsaya cak, zafi yana taruwa a sama ƙasa ta riga hucewa, sai dogon shaf ɗin nan ya ɗan lanƙwashe kamar baka, ido ba zai gani ba amma in ka tada shi a haka fuka-fukai za su goga jikin murfi, ka gama da shi. Shi yasa akwai wani ɗan ƙaramin injin lantarki da ke juya shi sannu-sannu bayan an kashe har ya huce, a manyan injina kwanaki ake yi ana wannan juyin. Wani dare injinmu ya faɗi, wutar NEPA babu, janaretan ko-ta-kwana ya ƙi tashi saboda batirinsa an ara an kai wa motar wani oga ba a dawo da shi ba, haka muka kwana mu huɗu da tocilan muna zura ƙarfe muna juya shaf da hannu rabi-rabi, a sa alli a yi alama, a jira a sake juyawa, ga zafi kamar gidan burodi, asuba ma bi da bi muka yi ta. Allah ya taimake mu bai lanƙwashe ba.

To ka auna wannan da abin da ke faruwa duk sanda babban layin wuta na ƙasa ya durƙushe, kamar yadda ya yi ta yi a 2024. Mu a gida haushinmu firji ne da cajin waya, amma can a tasha injin da ke ɗauke da megawat ɗari biyu ne aka fizge masa kaya lokaci guda, in bawul bai rufe cikin ƙiftawar ido ba gudu zai kwasa, shi yasa ake sa masa abin da zai kashe shi in ya wuce ƙa'ida da kamar kashi goma. A Afirka ta Kudu, tashar Duvha, a 2011 wajen gwajin wannan na'urar ne tabain guda ya tarwatse. Ko ba a kai ga haka ba, duk faɗuwa da tashi ƙarfe yana miƙewa yana tsukewa, tsagewa na farawa daga nan, kuma in bugun layin yana yawo sama da ƙasa da 50 dogayen fuka-fukan ƙarshe suna shan wahala. Saboda haka in za a kwatanta injinmu da na wata ƙasa a yi adalci, nasu yana tafiya a kan kwalta namu a kan gargada. Ga kuma gas da ke yankewa saboda fasa bututu ko bashi, kamfanonin samar da wuta suna ta kukan tiriliyoyin naira da suke bi, wanda ba a biya shi ba kuwa abin da ya fara yankewa a kasafinsa shine garambawul, tunda shi ba ya ihu.

Abin da ya shafe mu nan Arewa shine, tunda dokar wuta ta 2023 ta ba jihohi dama su yi nasu, ga bututun gas na AKK mai kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano ana ta jira, ga maganar kwal na Salkadamna a jihar Tahoua, na san ba da daɗewa ba za a fara kawo mana takardu masu sheƙi. Kuma bayan duhun da muka sha a Oktoban 2024 da layin Shiroro ya samu matsala, ba wanda zai ƙi a gina tasha kusa da gida. Amma a sani ƙarfin injin gas da ake rubutawa a yanayin digiri 15 aka auna shi, a kawo shi Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu da zafi ke haura 40 dole ya rage, ga ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska. Shi kuma na tururi in da hasumiyar sanyaya ruwa za a yi, kusan lita biyu ke tashi a iska kan kowane yunit, ka lissafa da tasha mai megawat ɗari kaga ko madatsun ruwan Challawa ko Tiga za su ɗauka ba tare da an shiga haƙƙin manoman rani da masu shan famfo ba. Akwai mafita, ana sanyaya kwandensa da manyan fankoki ba ruwa, haka tashar Matimba take a Afirka ta Kudu, sai dai ya fi tsada kuma ranar zafi wuta na raguwa. Duk wannan a faɗa wa mutane tun kafin a yanka kintinkiri.

Ni da za a ji tawa ma, ƙananan tabain sun fi kama da mu. Kamfanonin shinkafa a Kano da Kebbi da Jigawa yawancinsu suna da boila da ke cin ɓuntun shinkafa don turara, kamfanin suga a Numan yana ƙona tukar rake, tururin nan kafin ya je wurin aiki ai zai iya ratsa ƙaramin inji ya bada wuta tukunna. Amma nan ma ruwan rijiyar burtsatse ne za a ɗura, kuma na wasu wuraren mai kanwa ne, ka dawo kan maganar rezin.

Roƙona gare ka ranka ya daɗe, in wakilinka zai je hira da shugaban wata tasha ko kwamishinan wuta, bayan ya tambayi megawat ya ƙara da cewa yaushe rabon da a ɗaga murfin kowane inji, sau nawa ya faɗi da kansa bara, nawa aka ware wa ɗakin tace ruwa, kuma yara nawa 'yan foli aka ɗauka suke koyo a hannun tsofaffi, don mu da muka iya kara kunne a sukundireba muna ta ƙarewa, cikin mu huɗun da muka kwana muna juya shaf ɗin nan biyu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. In ma ya samu dama ya ce a nuna masa littafin lab na ruwan boila na wata shida, ba sai ya iya karanta lambobin ba, ya duba dai ko akwai shafukan da aka bari ba a cike ba.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naka mai karanta jaridarku kullum,
Tsohon ma'aikacin ɗakin boila, daga Kaduna ta Kudu.